Shayin da Baba Ya Dafa wa Gwamnati

Aikin farko yau: a tayar da Baba, a wanke shi, a cire zanin gado a jiƙa. An yi.

Ku yi haƙuri, wannan layin ba na jawabi ba ne. A littafin da nake rubuta ayyukan gida na rubuta jawabin, a ƙarƙashin aikin safe, kuma na saba in na buɗe shafi daga sama nake farawa. Tun da na riga na karanta, a bar shi a wurinsa.

Shugabar wannan taro, Uwargida Perpetue Landry. Limamin cocinmu, Fada Cormier. Babban baƙonmu, Mista Wentzell, mataimakin darakta a ma'aikatar da ke kula da tsofaffi, wanda ya tuƙo mota tun daga babban birni domin ya gan mu da idonsa. 'Yan kwana-kwanan garin nan namu na Port-Aubin, da suka ara mana zaurensu suka bar motarsu a waje cikin sanyi saboda mu. Matan kicin da muke jin ƙamshin miyar kifinsu tun daga ƙofa. 'Yan'uwana masu jinyar iyaye, waɗanda suka samu zuwa da waɗanda ba su samu ba. Sauran jama'a maza da mata, ina gaishe ku baki ɗaya, kowa da girmansa.

Sunana Lorette Marchand, 'yar Hilaire Marchand mai jirgin kamun ƙaguwa a da. Na faɗi haka ne saboda baƙonmu, tun da sauranku kun san ni tun ina yawo ba takalmi a bakin teku. Iyakar karatuna sakandare, daga nan na shiga kamfanin ƙaguwa, a nan na tsaya har ranar da ɓarin jikin Baba ya shanye, shekara uku ke nan. An ce in yi jawabin godiya a madadin waɗanda aka karrama. Na ce da shugaba akwai waɗanda suka fi ni iya magana, ta ce duk suna gida suna ba da magani.

To, godiya. Na gode wa gwamnati da ta ware mana yini guda na karrama masu jinya, ta kuma sa taron daidai lokacin maganin yamma, domin a gane masu jinyar gaskiya ba tare da wahala ba: su ne kujerun nan na gaba da aka manna wa suna, babu kowa a kai. Na gode da takardar yabo, tana da kauri, za ta tare iskar da ke shigowa ta tagar banɗaki. Na gode da wannan kofi da aka rubuta wa "Jarumar Gida". Na daɗe ina neman abin da zan riƙa jiƙa haƙoran roban Baba a ciki, ga shi bakinsa da faɗi, kamar an auna. Godiyata ta ƙarshe, wadda ba wasa a cikinta, ta maƙwabciyata Zelie Pothier ce, da take zaune da Baba yanzu haka domin in zo a yi mini tafi.

Maganata guda huɗu ce. Na tsara su bi da bi, in na rikice ku yi mini uzuri.

Ta farko, maganar layi. Akwai tallafin da gwamnati ke ba wanda ya bar aiki yana jinyar tsohonsa a gida, dala ɗari huɗu a wata. An rubuta a takardar da manyan baƙaƙe cewa ba albashi ba ne, don kada wani ya ɗauka aiki muke yi. Sharaɗinsa shi ne kuɗin shigar tsohon kada ya haura wani layi da aka ja. Ma'aurata da layinsu, mutum ɗaya da nasa, wanda yake ƙasa da wancan. Muddin Mama na raye, fanshonta da na Baba a haɗe suna ƙarƙashin layin ma'aurata, ana ba ni tallafin, ina haɗawa da ɗan abin da nake samu a sharar coci, muna sayen man ɗumama gida, muna ci, muna rufa wa juna asiri.

A watan Oktoba Mama ta rasu. Kun zo, kun yi mana zaman makoki, kun cika mana firji da abinci, Allah ya saka. Bayan 'yan makonni wasiƙa biyu suka shigo akwatinmu rana ɗaya. Ta farko tana yi wa Baba ta'aziyya, tana kuma sanar da shi cewa za a ƙara masa wani ɗan kaso daga fanshon marigayiya. Ta biyu tana sanar da ni cewa, tun da Baba ya zama mutum ɗaya, kuma kuɗinsa ya ƙaru, ya haura layi, don haka an tsayar da tallafina. Da nawa ya haura? Na yi lissafi har sau uku don ban yarda da kaina a lissafi ba. Kuɗin buhun dankali guda a wata.

Jama'a, ku taya mu murna. Gidanmu ya yi rashin mace, ya samu attajiri. Gidan bai ragu ba, man ɗumama shi bai ragu ba, ƙafar Baba ta hagu ba ta ji labarin arzikin ta miƙe ba, amma a takarda mun wadata. Da na karanta masa wasiƙar, sai ya dube ni ya ce, "Lorette, yanzu ni mai kuɗi ne?" Na ce, "Haka suka ce, Baba." Ya ce, "To me kike jira? Kira direba, kuma daga yau ki daina sa mini ruwa a madara."

Mista Wentzell, ranka ya daɗe, ban ce kai ka ja layin ba. Na san layi ba ya da uba, kowane ofis na buga wa waya sai a ce a ofishin gaba aka haife shi. Amma ina so ka koma da wannan: wanda ya ja shi bai taɓa tunanin cewa a cikin ma'aurata ɗaya yakan riga ɗaya mutuwa ba. Mu nan bakin teku mun daɗe da lura da haka.

Ta biyu, maganar shayi. A ƙasan wasiƙar akwai 'yan ƙananan baƙaƙe da suka ce, wanda ya haura layin da kaɗan za a iya sake duba maganarsa, in mai tantancewa ta zo ta tabbatar cewa lalurar tsohon ta kai matakin ƙarshe. Na nema. Aka aiko da takarda mai ladabi, aka faɗi ranar da za ta zo da lokacin, tun da sauran mako biyu. Wannan shi ne kuskuren gwamnati, don ta ba Hilaire Marchand mako biyu ya shirya wa baƙuwa.

Kun san mu. Baƙo ba ya shiga gidan mutumin garin nan ya fita bai sha shayi ba, kuma mai gida ne ke dafawa. Kun kuma san amsar da muke bayarwa in an ce yaya jiki. Kakana yana kwance Fada na yi masa addu'ar ƙarshe, aka ce yaya jiki, ya ce, "Ba laifi." Mutum ya dawo daga teku jirginsa ya nutse, a ce yaya aiki, ya ce, "Ba laifi." Da wannan kalma aka yaye mu, kuma muna alfahari da ita kamar gado.

Ranar da za ta zo, Baba ya sa na yi masa aski, ya sa na ciro kwat ɗin da ya saka ranar jana'izar Mama. Ya ce in kai ƙarfen dogarawarsa rumbun kifi in rufe. Na ce, "Baba, ai shi aka zo gani." Ya ce, "A gidanki ko a gidana?" Ya sa na buɗe falo, wanda ba a buɗewa sai don Fada ko gawa. Ta iso, yarinya ce mai hankali, Malama Corinne, da allonta na kwamfuta a hannu. Tana zama Baba ya dafa teburi, ya dafa bango, ya dafa bakin ƙofa, ya isa kicin da ƙafarsa. Ni da nake ɗaga shi kullum kamar buhun gishiri, ina tsaye ina kallo. Ya ɗora buta, ya zuba ganye, ya jira ya yi baƙi yadda muke so, ya kawo mata kofi da hannunsa mai kyau, ko ɗigo bai zuba ba.

Sai tambayoyi. Ta ce, "Baba, kana iya wanka da kanka?" Ya ce, "'Yata, ina wanka tun ba a haifi ubanki ba." Ta rubuta. Ta ce, "Kana faɗuwa?" Ya ce, "Shekara arba'in ina tsaye a kan teku ban faɗi ba, sai a tsakar ɗaki?" Ta rubuta. Ta ce, "Wa ke yi maka girki?" Ya nuna ni da haɓa ya ce, "Wannan takan taɓa, amma gishirinta ya yi yawa." Ta yi dariya, ta rubuta. Ta ce, "Fitsari fa, yana kufce maka?" Ya ajiye kofinsa ya ce, "Ƙara shayi?"

Ina bayansa ina girgiza kai, ina ɗaga gira, ina nuna mata ƙafarsa da ido, har na ji kamar wuyana zai karye. Ina jin ta gani, don da ta gama da shi ta juyo gare ni, ta rage murya, ta ce, "Ke fa, Lorette, yaya kike fama?" Ga ƙofa an buɗe mini. Ga bayana da ke ciwo, ga wanki kullum, ga barcin da na manta kamanninsa, duk suna kan harshena. Baba ya juyo yana kallona cikin kwat ɗinsa. Kun san abin da na ce.

Na ga Uwargida Landry ta rufe fuska. To bari in tambaya, tun da yau ranar karramawa ce. Duk wanda ma'aikacin gwamnati ya taɓa tambayarsa yaya kake fama ya ce ba laifi, ya ɗaga hannu. Ɗaga sosai, Firmin, na san labarin surukarka. Mista Wentzell, ka juya ka duba. Waɗannan su ne alƙaluman da kake karantawa a ofis, waɗanda suka nuna cewa yankinmu ya fi ko'ina lafiyayyun tsofaffi.

Motar Malama Corinne na fita, Baba ya kasa tashi daga kujerar falo. Sai a lokacin na gane abin da ya yi. Tun jajibirin zuwanta ya daina shan ruwa, duk kofin da na miƙa masa a tukunyar furen Mama yake juyewa, domin kada jikinsa ya kunyata shi a gaban baƙuwa. Shayin nasa ma leɓe kawai ya riƙa jiƙawa. Washegari zazzaɓi ya rufe shi, yaran nan na kwana-kwana su suka ɗauke shi, ya yi kwanaki a asibiti ana yi masa ƙarin ruwa. Yana can a kwance sakamako ya iso. An rubuta cewa Mista Marchand dattijo ne mai kuzari da raha, mai iya hidimar kansa da ta baƙi, lalurarsa matsakaiciya ce.

Ban zargi yarinyar ba, abin da ta gani ta rubuta, kuma shayin ya yi daɗi. Nakan zargi kaina, in kwanta ina maimaita amsar da ya kamata in bayar, da kyau da tsari, kamar mai shirin jarrabawar da aka riga aka gama. Amma ku duba tsarin da idon basira. Domin a ba 'ya abin sayen man ɗumama gida, sai uba ya zauna gaban baƙuwa sa'ar jikarsa ya ce, ba na iya wanke kaina, ina jiƙa gado, 'yata ce ke goge ni. In ya faɗa, an biya. In ya riƙe mutuncinsa, an hana. Ashe ba jinya ake saye da dala ɗari huɗun nan ba, kunyar tsoho ake saye, kuma Baba ya ce tasa ba ta sayarwa ba ce.

Ta uku, maganar gado. Gwamnatinmu ba marowaciya ba ce, kada wani ya fita nan ya ce na faɗi haka. Wadda ta ga buhun dankali ya yi mana yawa, ita ce ta buga mini waya makon jiya ta ce an samar wa Baba gado a gidan kula da tsofaffi, can ƙetaren gada, tafiyar awa biyu in hanya ba ƙanƙara. Na tambayi nawa ake kashewa a kan gado ɗaya a wata. Da aka faɗa mini sai da na zauna. Abin da za su kashe a kansa a wata guda ya fi abin da suke ba ni a shekara. Wato in na riƙe shi a gidansa, yana kallon teku ta tagarsa, yana zagin girkina da Faransancin da uwarsa ta koya masa, ba a da ɗari huɗu. In na miƙa shi inda ba mai jin yarensa, a kira shi da lambar ɗaki, akwai dubbai. Na ce muku ban iya lissafi ba, watakila akwai hikimar da sai an yi jami'a ake ganinta.

Ga inda nake tsaye. Ƙanƙara ta fara narkewa a mashigin ruwa, kamfanin ƙaguwa zai buɗe. Fomanmu Raoul Doucet, ga shi can kusa da tukunyar miya inda ya saba tsayawa, ya riƙe mini gurbina shekara uku, ya ce gobe da azahar ne iyaka, ko in koma ko ya ba wata. Ban ga laifinsa ba. Gidan tsofaffin su ma gobe suke son amsa. In na koma kamfani, daga asuba sai duhu, ba mai ɗaga Baba. In ban koma ba, sharar coci ba ta ɗumama gida. Sun aiko mini da 'yan ƙyallaye masu sunansa, sun ce a ɗinka a wuyan kowace riga don kada kaya su cakuɗe a wurin wanki. Na fara ɗinkawa. Shekaranjiya ya gan ni da allura ya ce, "Mene ne wannan? Kina tsoron in manta sunana?" Na ce, "Ado ne, Baba." Ya ce, "Adon banza."

Ban gaya masa ba tukuna. Na sani, na tsaya gaban mutanen Port-Aubin kaf na faɗi abin da ban faɗa wa mai shi ba, kuma na san saurin labari a garin nan. Ina roƙonku ku riƙe bakinku zuwa gobe da rana. In ya yi muku nauyi, ku cika shi da miya.

Ta huɗu, roƙo. Ranka ya daɗe, ba na roƙon a goge layi, na san ba a taɓa shi. Ina roƙon a mai da shi gangara, wanda ya haura da kuɗin dankali a cire masa kuɗin dankali, a bar masa sauran. Ina roƙon kada wasiƙar ta'aziyya da ta yankewa su riƙa tafiya a jaka ɗaya, a bar gida ya fita takaba kafin a taya shi murnar arziki. Ina roƙon mai tantancewa ta daina ba tsofaffinmu mako biyu su yi aski. Ta zo da safe ba sanarwa, ta shigo ta ƙofar kicin kamar 'yar gida, ta tarar da aikin farko, ta kuma ja mai jinya waje inda uba ba ya kallonta kafin ta ce yaya kike fama.

Ku kuma 'yan'uwana, na gida, roƙona gare ku ya fi wuya. Wannan amsa tamu ta yi mana amfani a kan teku, inda kuka ba ya tsayar da iska. A gaban mai allon kwamfuta kuwa, abin da ka faɗa shi ake rubutawa. Bari in fara, tun da ni aka ba lasifika. Ni Lorette, 'yar Hilaire, jikar wanda ya ce ba laifi yana mutuwa, na gaji. Bayana na ciwo. Kuɗin ba sa isa. Ina son ubana a gidansa, kuma ba na iyawa ni kaɗai. Na faɗa, rufin zauren bai faɗo ba.

Kafin in fito na nemi izinin Baba in ba da labarin baƙuwarsa, don mutuncinsa ne zan shimfiɗa a gaban mutane. Ya juya yana kallon taga har na ɗauka ya yi barci. Sai ya ce, "Faɗa musu. Na ruwan ma faɗa musu. Amma ki ce shayin nan ni na dafa shi da hannuna." To na faɗa, kuma shaida ce ni, shi ya dafa.

Mista Wentzell, na ji an ce a masaukin bakin gada za ka kwana, sai gobe za ka koma. Gidanmu ne mai shuɗiyar ƙofa bayan coci, ba ka ɓata. Ka zo da sassafe, kada ka buga waya. Ba na ce ka zo da takarda ko alkawari ba, ka dai zo ka kama mini ɓarinsa na hagu, ka ga dattijo mai kuzari da raha kafin a sa masa haƙora. In bayan nan kana da abin da za ka gaya mini kafin azahar, zan saurara. In babu, Raoul, ka sa sunana cikin masu aikin safe a kamfani.

Allah ya ba tsofaffinmu sauƙi, ya bar su a ɗakunan da suka sani. Allah ya ƙarfafa bayan masu ɗaga su, na nan da na kujerun da ba kowa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kare masu shirin fita teku, ya mai da baƙonmu gida lafiya, ya kuma tsawaita ransa har ya kai shekarun da wata yarinya za ta zauna gabansa da allo tana tambaya. Amin. Na gode da kuka saurare ni har ƙarshe.

Ƙasan shafin ayyukan gobe ne. Na fara da na sama, bari in ƙarasa da na ƙasa.

A kwashe zanin gadon da ke kan igiya, yau bai bushe ba.
A mayar wa Zelie tukunyarta.
A wanke kofin Jaruma, a zuba haƙora.
Shayi na mutum uku, ko da baƙo zai zo. A bar Baba ya dafa.
Ɗinkin suna a wuyan riguna, saura na sanyi da kwat.
Raoul, kafin azahar.
Gidan tsofaffi, bayan Raoul.
A gaya wa Baba, kafin gari ya riga ni.